Babban Yatsan Kwamanda

Allah ya yi wa ƙungiyar masu tashin ƙananan jiragen yaƙi na soso, irin na wasa da ake sarrafawa da rimot, babbar baiwa da ya ba ta Kwamanda. A ofis dai mai riƙe makullin ɗakin ajiya ne. Amma ranar Asabar, da zarar ya ɗora baƙin tabarau ya zura rigar fata cikin zafin rana, filin bayan makaranta ya san manya sun iso. Shi ne alƙalin inganci, yana da kujera mai naɗewa har da laima. Duk wanda ya sayo sabon jirgi sai ya gurfanar da shi a gabansa kafin a sa batir.

Ƙananan masana sai sun auna nauyi, sun saurari inji, sun ga juyin jirgi a sama. Kwamanda ya wuce nan. Babban yatsansa kawai yake dannawa a fiffike, ya lumshe ido, ya yanke hukunci.

"Wannan ai soson kwalin firji ne. Araha ba ta ado, ɗan'uwa."

Shi ya sa kowane jirgi a ƙungiyar yake yawo da lotsawar yatsansa a fiffike, kyauta, ba tare da mai shi ya roƙa ba.

Nasa jirgin kuwa, sai dai a ji labari. Ya fi na kowa tsada, kuma ya tabbatar kowa ya sani. A tsakiyar falo yake rataye, daidai inda fanka take a da, don an cire ta saboda kada iska ta dami babban baƙo. Uwargida da yara suna fifita da murfin kwali, jirgi yana hutawa.

"Nawa bai taɓa faɗuwa ba," in ji Kwamanda. "Ko sau ɗaya."

Wallahi bai yi ƙarya ba. Bai dai taɓa tashi ba ne. Inda ba ƙasa, nan ake gardamar kokawa.

To akwai wani likitan haƙori a ƙungiyar, mai wani jirgi ɗan araha da ya sha faɗawa kan bishiya, duk jikinsa gam da salatif. Kwamanda ya laƙaba wa jirgin suna Majinyaci. Ranar da yatsan alƙali ya sake lotsa fiffiken da likita ya gama gyarawa, sai haƙuri ya ƙare. Likita ya kawo shawara: duk mai yanke hukunci, ya tashi nasa a gani. Hannaye suka ɗaga kamar an daɗe ana jira. Asabar mai zuwa za a jera jiragen biyu, a gwada su a ƙasa, a gwada su a sama. In Kwamanda ya kasa, kujera da laima sun tafi.

Gogan naka bai taɓa riƙe rimot da niyyar aiki ba, amma dabara ba ta ƙare masa. Ya ƙudura zai gama yaƙin tun a ƙasa. Jirgi zai yi ƙyallin da babu mai bakin cewa a jefa irin wannan dukiya sama. 'Yan ƙungiya da fentin ruwa suke shafa wa soso, amma shi ya ce wannan na 'yan firamare ne. Da safiyar Asabar ya sayo fentin feshi na mota, ruwan azurfa, ya kwantar da jirgi a kan teburin guga, ya feshe shi, ya sake feshewa.

"Baban yara," in ji uwargida tana toshe hanci, "kamar fa wani ƙara yake yi, siii."

"Inganci ne ke shiga jikinsa. Ba fanninki ba ne."

Ya saka shi a kwali tun bai bushe ba, kada ƙura ta taɓa shi, ya rufe ruf.

A fili, sai da ya yi jawabi. Ya yi magana kan daraja, kan bambancin mai saye da ido da mai saye da ilimi, ya nuna Majinyaci da haɓa ya girgiza kai cikin tausayi. Sannan ya ɗage murfin kwalin.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Fentin mota ya cinye soson ta ciki. Hanci ya zube, fuka-fuki sun lanƙwashe kamar kunnen akuya, sai ɓawon ƙyalli ne ya rage a sama.

Da wani ne, da ya rufe kwalinsa ya nemi hanyar gida. Kwamanda kuwa ya gyara tabarau.

"Ido na ruɗi, 'yan'uwa. Ba a gane soso sai an taɓa."

Ya danna babban yatsa a fiffike, ya lumshe ido yadda ya saba. Yatsa ya shige, ya ɓullo ta ƙasa, yana walƙiyar azurfa.

"Kwamanda," in ji likita cikin ladabi, "muna jiran hukunci."

Alƙali ya zare yatsansa, ya mayar da murfin kwalin. Majinyaci ya tashi da gam ɗinsa da salatif ɗinsa, ya zaga filin, ya sauko ya yi 'yar tuntuɓe, aka tafa masa. Kujera da laima suka koma hannun likita.

Kwamanda dai har gobe yana da abin alfahari, jirginsa bai taɓa faɗuwa ba. Da yamma uwargida ta kira mai gyaran wuta ya mayar da fanka. Ta zauna ƙarƙashinta, ta miƙe ƙafa, ta ce alhamdulillahi, yau dai ta ga farfela na juyawa a gidan nan.