Ranar da Na Ɓoye Hayaƙin Gidana

Ba zan taɓa mantawa da wayar da aka yi mini bayan sadakar arba'in ɗin mai ɗakina ba. Ina bakin ruwa ina gyaran taru, wata mata ta kira ta yi mini gaisuwa, ta ce ita ce Malama Rifkatu, ta masu binciken lafiyar yara, kuma ranar Laraba za su zo duba 'yata Ummi.

Tun Ummi tana ciki mai ɗakin nawa, marigayiya Hajara, ta sa ta a wannan bincike. Suna bin yaran ƙauyukanmu na Kirikasamma daga haihuwa har girma, su ga abin da hayaƙin murhu da ruwan kogi da maganin feshin shinkafa suke yi wa jikinsu. Duk shekara suna zuwa, ita ke tarbarsu, ni ina kan ruwa. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne kada aikin da ta riƙe ya lalace a hannuna.

To, a wajenmu baƙo ba ya tarar da gida yadda yake. Na kashe wutar bandar kifi, na kai tankin feshi gidan ƙanena. Na zubar da ruwan randa, na cika ta da ruwan leda (ɗaya bayan ɗaya nake fasawa da haƙori, har muƙamuƙina ya yi tsami). Na aro murhun gas a gidan Malam Sule. Da gari ya waye na zuba turaren wutar Hajara a kasko, duk abin da ya rage a kwalbar, na rufe ƙofa don ya kama ɗaki.

Malama Rifkatu ta iso da abokan aikinta, dattijuwa ce, 'yar Filato. Ta auna tsawon Ummi, ta sa ta hura iska a wani bututu. Sannan ta rataya wata 'yar na'ura mai auna hayaƙi a ɗakin kwana. Na'urar ta kama ƙara. Malama ta dube ta, ta dubi kaskon.

Ta je ɗiban ruwan randa, sai ga kunnen leda yana yawo a moɗa. Ta ce in kunna gas ɗin ta gani. Na durƙusa ina murɗa nan ina murɗa can, gumi yana keto mini. Ummi kuwa, da ladabinta, ta ce na Baba Sule ne, kuma ya ce a mayar kafin magariba. Direbansu ya fita waje yana tarin da ba tari ba.

"Baban Ummi," in ji Malama, "gidan wa muka zo aunawa?"

Na ce girmama baƙo ne. Ta ce ta gode, amma awon yau ba zai shiga lissafi ba, don Ummi ba ta taɓa kwana a wannan gidan da na shirya ba. Sai ta rage murya. "Maman Ummi ko murhu ba ta taɓa gyara mana ba. Cewa take ku auna mu yadda muke, ko 'ya'yan wasu sa amfana. Kuma ba ta taɓa fashi ba, har shekarar ambaliya da ta kawo mana yarinyar nan a kwalekwale."

Ban san wannan ba. Kunyar tana nan, amma na ji kaina ya ɗagu.

Suka sake zuwa wani mako, suka same mu cikin hayaƙin tarwaɗa, na ba su ruwan kogi suka ɗiba. Na dai koyi cewa wanda ya zo auna hayaƙinka ba a turara masa ɗaki. Tun daga nan ban yi fashi ba.

Tarin da Ummi ke yi duk damina, sun ce sai yaran sun ƙara girma za a san dalilinsa. Murhun bandar da Hajara ta daɗe tana cewa in mayar bayan gida, na kafa tubalinsa, ban gama ba.