Yadda Mushe Jibirilla Ya Rage wa Ordinatar Nauyi

Duk wanda ya ce Gure ba ta da masani, to bai taɓa leƙa biro, ofishin ƙungiyar makiyaya, ya ga Mushe Jibirilla ba, Malam Jibirilla ke nan da Faransanci. Allahu akbar! Mutumin da ya yi kwana huɗu cur a Yamai yana koyon ordinatar, wato kwamfuta, ya dawo da takardar shaida da tabarau marar magani. Shi ya raɗa wa kansa Injiniya. Mu kuma muka ƙara masa da Sarkin Danne-danne, ya ɗauka yabo ne.

Ƙungiyar tana da manhaja guda mai ɗauke da sunayen masu dabbobi, daga Alakos har Kelle da Gidigir. Zaliha, sakatariyar biron, ita ta yi wata uku tana bin rijiyoyi tana rubuta su. Bana rani ya yi tsanani, ciyawa ta ƙare, kamiyo, babbar motar dusa, zai iso ranar Laraba. Wanda sunansa ya fito ya ɗauki buhu. Wanda bai fito ba ya je ya yi wa awakinsa bayani.

To, manhajar nan nawa gare ta. In ka danna ta, sai ka ɗora shayi, ka sha na fari, ka sha na biyu, tana nan tana tunani. In ta buɗe kuma, ta yi kukan memuwar, wato ma'ajiyarta, ta cika, ta daskare. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Injiniya ya saita ta yadda ba ta buɗewa sai ta loda bidiyonsa na minti tara yana karɓar takardar shaida, da hotunansa ɗari biyu, kowanne da hula dabam.

Ranar Talata Zaliha ta yi ƙarfin hali. "Mushe, da an cire bidiyon nan, a bar ta ta riƙa ɗauko sunayen gari ɗaya in an nema, ai da ta yi sauƙi."

Ya leƙo ta ta saman tabarau. "Madam, kin je Yamai? Wannan bidiyo shi ne fuskar ƙungiya. Bar wa masana aikinsu."

Ya zauna ya ƙura wa sunayen ido, can sai ya buga teburi.

"Na gano cutar! Modu, Modu, Modu. Modu arba'in da bakwai! Yakura talatin, Ya Kaka ashirin da biyu. A Yamai dublo muke ce wa wannan, wato maimaici. Shi ke cinye memuwar."

"Mushe, mutane ne fa dabam-dabam. Modu Isa ma huɗu gare mu, kowa da rijiyarsa."

"Kimiyya ba ta san rijiya ba."

Jama'a, mutumin nan a Gure aka yanke masa cibiya. Ya san in ka tsaya tsakiyar kasuwa ka ƙwala "Modu!" rabin kasuwa za ta waiwayo. Amma kwana huɗu a Yamai ba wasa ba ne.

Zaliha na fita sallar azahar, ya gyara zama ya hau aiki. Ya bar Modu ɗaya, Yakura ɗaya, Ya Kaka ɗaya, sauran ya share su tas. Da ta dawo ta gani, ta ruga neman littattafan da ta yi rubutun farko a ciki. Ashe tun watan jiya Injiniya ya ba mai tsire su, wai zamanin takarda ya wuce. Sannan ya ɗauko agogo ya auna. Da minti goma sha biyu take yi kafin ta buɗe, yanzu goma sha ɗaya da rabi. Ya ce a rubuta a rahoto.

Laraba kamiyo ya iso. Aka kira Modu, mutum ɗaya ya ɗauki buhu, arba'in da shida suka tsaya cirko-cirko. Wasunsu kwana biyu suka yi a hanya. Zaliha ta fashe da kuka, don ita ta yi musu alkawari baki da baki. Wallahi ni ma da nake tsaye a wurin sai da raina ya ɓaci.

Injiniya kuwa ya hau dakali ya gyara murya. "Jama'a, a yi haƙuri da ci gaba. Duk wanda bai ji sunansa ba, na'ura ta tantance shi maimaici ne."

Sai ga wata tsohuwa ta sauko daga amalanken jaki tana ratsa mutane. Ya Kaka ce daga Kelle, uwar matarsa Balkisa, surukar da ko sunanta ba ya iya faɗa. Mai jawabi ya diro daga dakali, ya cire takalmi, ya durƙusa a gaban jama'a yana gaisuwa cikin ƙaramar murya. Ko kallonsa ba ta yi ba. Sai ta fuskanci Zaliha.

"'Yata, an ce babu sunana?"

"Babu, Inna."

"To, gaya wa mai gidan Balkisa na ji. Tun da ni maimaici ce, abin da na haifa ma maimaici ne, kar ta cika masa gida. A aika mata ta haɗa kayanta. Amalanken nan dai ba zai koma Kelle wayam ba."