Ranar da Na Kori Abin da Na Je Roƙo

Ba zan taɓa mantawa da waɗanda suka zauna a ƙofar gidan dagacinmu ran nan ba. Akwai dagaci da liman, da Malam Sabo hedimasta, da Arɗo da makiyayansa, da Kande aminiyata, da wani babban ma'aikacin gwamnati da ya zo daga Kano jin kokenmu. Sai ni, da aka zaɓa in yi magana da yawun mata. (Wai don ba na tsoron kowa. Da ma na ji tsoron.)

Shekarar fari ce, a ƙauyenmu kusa da Gagarawa. Rijiya ta yi ƙasa, ka zura guga ka fito da laka. Malam Sabo ya yi watanni yana zaga Gumel da Sule Tankarkar da takarda, a roƙi gwamnati ta zuba kuɗi a karatun kimiyya, ta horar da injiniyoyi masu gane inda ruwa yake a ƙarƙashin ƙasa. Ni ban yi boko ba, amma na san ƙishirwa. Na dangwala yatsa a takardar.

Da safen ranar taron na je rijiya, na tarar da wani baƙo, riga duk baƙin mai, ya hau bakinta da takalmi yana zura igiya mai ƙarfe, ga kwalabe a jere. A garinmu ko dagaci ba ya taka bakin rijiya da takalmi. Balle baƙo da kwalabe.

"Kai, ɗan waye? Me kake zuba mana?"

"Inna, ki tsaya in yi miki bayani."

"Kai wa uwarka bayanin!"

Na tsula masa igiyar guga, na shure kwalaben, biyu suka fashe. Ya kwashi sauran ya yi gaba.

Da la'asar na miƙe gaban manya na ce, "Ranka ya daɗe, mun gaji. Bayanmu ya karye a bakin rijiya. Ku koya wa 'ya'yanmu ilimin ƙasa da ƙarfe. Kafin nan ko injiniya ɗaya kuka aiko mana, wallahi goya shi za mu yi."

Ma'aikacin ya ce, "Ai mun zo da ɗaya, Inna, shi kaɗai gare mu a wannan yankin. Injiniya, matso."

Ya fito daga bayan mota, ga shatin igiyata a wuyansa.

Ma'aikacin ya ci gaba, "Bai auna ruwanku ba, wai wata tsohuwa ta kore shi. In babu awo, babu burtsatse. Gobe da hantsi zai wuce Maigatari."

Kande ta zungure ni. "To, juya baya ki goya shi."

Arɗo ya kama tarin ƙarya. Shi kuwa injiniya bai nuna ni ba, sai ya durƙusa ya gaishe ni. Wannan ya fi mari zafi.

Na tsufa ina tsaron rijiya, ashe mai tsaro ma ya kamata ya tambaya kafin ya ɗaga igiya.

Washegari da sassafe na dama fura na kai masa, na raka shi rijiya, na kori mata gefe, na riƙe masa igiyar awon da hannuna. Na ce ya hau da takalminsa. Ya dubi gugan da ke kusa da ni, ya cire su.