Mawaƙin da Bai Iso Warra Ba

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da aka naɗa Baba Ɗanjuma Sarkin Ruwan ƙauyensu, kusa da Warra. Lokacin muna Jihar Sakkwato, ni sabon malamin firamare ne, ina neman auren 'yarsa Hajara, shi kuwa ya ƙi cewa i, ya ƙi cewa a'a.

Ina da wani kaset da na samo a Kaduna. Wanda ya ba ni ya ce tsohon kiɗan fadar sarakunan Turai ne, wasu samari masu gashi har kafaɗa suka sake kaɗa shi da gita mai lantarki da molo irin na coci da ganguna. Na yi ta taƙama da shi a Yawuri, inda nake koyarwa. (Gaskiyar magana, ban taɓa wuce minti uku ina saurarensa ba, saboda tsimin batir.)

Ranar naɗin na shiga jirgin ruwa rungume da rediyo. Bayan an ɗaura rawani, na sa makaɗan garin suka dakata, na durƙusa na ce, "Baba, na kawo maka kiɗan sarakuna."

To, a wurinmu in aka kaɗa wa mutum takensa, miƙewa yake yi ya ɗaga hannu yana jinjina, ba ya zama sai mawaƙi ya kira sunansa. Ina danna rediyo, ganguna suka ɓarke, tsoho ya miƙe ya dunƙule hannu sama.

Gita ta yi ta kuka. Kiɗa ya yi ƙasa kamar zai mutu, ya sake tashi. Babu muryar kowa.

"Malam, ina mawaƙin?" in ji shi, bai sauke hannu ba.

"Yanzu zai shigo, Baba."

Sau uku na faɗi haka, kuma har zuciyata na yarda da abin da nake faɗi. Gumi ya jiƙa sabon rawani, mata suna leƙe ta bayan zana, na san Hajara na cikinsu. Sai kaset ya kai ƙarshe, ya yi ƙas. Ashe kiɗa ne zalla, daga farko har ƙarshe. Na ji kunyar da ban taɓa jin irinta ba.

Ya sauke hannu a hankali, ya dube ni. "Wanga mawaƙi naka, halan jirgi nai ya kihe?"

Masunta suka kwashe da dariya har wani ya faɗo daga kan turmi.

Ya ba ni Hajara, amma sai da ya ja ni shekara guda. Tun daga ranar ba na yabon abin da ban ji ƙarshensa ba. Shi kuwa har Allah ya karɓi ransa, in na je gaisuwa, kafin ya tambayi jikokinsa sai ya ce, "Malam, ya iso?"