Yadda Za Ka Gyara Kat-kat Ɗinka Ka Kai wa Wanka Iri a Shekarar Fari

Kai mai babbar mota, matso kusa. Allah ya hore maka kat-kat, motar nan mai ja da ƙafa huɗu, irin wadda in ta tsaya a tashar Gazawa masu tuya ke mantawa da ƙosai a kasko, amma har yau kana yawo da ita yadda aka sayar maka, babu tanti, babu tsani, babu komai. Wallahi kana ba ni kunya. Bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, na yi maka alkawari za ka ratsa daji, ka sha ruwan sanyi a tsakiyar fari, ka dawo gida ƙaya ko ɗaya ba ta taɓa ƙafarka ba. An gwada an gani. Wanda ya gwada shi ne Alhaji Surajo, ɗan kasuwar iyaka a Gazawa, a bazarar da ta biyo bayan babban farin tamanin da huɗu. Da shi za mu yi misali, sai ka buɗe kunne.

Mataki na 1: Samo dalilin tafiya

Babban mutum ba ya shiga daji haka kawai kamar mai neman itace. Jira saƙo daga ƙauye. A shekarar fari ba za ka daɗe kana jira ba.

Saƙon Alhaji ya zo ta bakin wani direban motar kasuwa. Wansa Tanimu, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda ke riƙe da gonar gado a wani ƙauye arewa da Cadakori, shi ya aiko. Rumbu ya ƙare tun sanyi. Sun ci dusa, sun ci 'ya'yan anza masu ɗaci, daga ƙarshe sun sauke damin irin da aka ajiye don shuka suka daka. Buhu huɗu na gero yake roƙo, uku a riƙe rai, ɗaya a shuka, kuma na shukar ya iso kafin ruwan farko.

Direban ya ce, “Alhaji, gobe zan koma. In an loda mini, jibi suna hannunsa.”

Nan ne marasa dabara ke faɗuwa. Gero yana nan jibge a sito, mota ga ta, sai su ce a loda. To in an loda, wa ya gani? Alhaji ya gyara zaman hula ya ce, “Bar shi. Da kaina zan kai.” Haka ake so.

Mataki na 2: Fara da sama

Alhaji ya taɓa ganin motar wasu Turawan agaji a Agiye, da ɗaki na tamfol a kan rufinta, tun ranar abin ya tsaya masa a rai. Shi da aka haifa a ɗakin kara, yanzu ƙaiƙayin gero yana sa masa ƙuraje, in ji shi, don haka ba zai kwana gidan Tanimu ba. Kai ma nemi irin wannan ciwon, yana da amfani.

Kai motarka Maraɗi wurin mai walda. Na Alhaji sunansa Ayuba. A ɗora gadon ƙarfe a sama, a kafa tanti mai naɗewa, a maƙala tsani a baya. A gaba a sa ƙaton ƙarfe na ture shanu. Kada ka damu da cewa shanun bana ba sa tare hanya, suna kwance gefenta ungulu na kansu. Ƙarfen don idon mutane ne. A jera fitilu shida a samansa, ko da rana za ka yi tafiyar.

Ayuba ya ce aikin mako biyu ne. Ya ɗauki biyar, don sau biyu Alhaji yana sa a kankare fenti, wai launin tsanin bai dace da na ƙofa ba. A cikin mako na huɗu saƙo na biyu ya zo daga Tanimu, gajere: gabas ta fara haɗa hadari. Alhaji ya ce a gaya masa ana nan ana shiri.

Mataki na 3: Cika ciki da abin da rai ke so

A bayan kujeru a sa firigo, wato firji, da batir biyu masu riƙe masa sanyi. A sa tankin ruwa mai bututun wanka, don mai daraja ba ya wanka da ruwan rijiyar ƙauye. Sai murhun gas, kujerar naɗi, da darduma mai laushi da aka sayo a Makka. Tagogi a yi musu labule mai kauri. Wannan labulen kada ka yi wasa da shi, domin daga Tibiri zuwa arewa akwai mutane zaune bakin hanya da ƙwarya a hannu, kuma kallonsu yana hana abinci narkewa.

Za a samu mai tsoma baki. Na Alhaji shi ne direbansa Barmo, dattijo mai furfura da ya shekara ashirin yana tuƙi cikin yashi. Ya leƙa bayan motar, ya daɗe yana kallo.

“Alhaji, to buhunan ina za su zauna?”

“Nawa za ta ci?”

“Ɗaya. Shi ma sai an jingina shi da firigo.”

“A sa na shukar. Sauran a tafiya ta biyu.”

Ka lura da wannan kalma, tafiya ta biyu. Ba ta cin mai, ba ta cin taya, kuma ba a taɓa jin wanda ya yi ta ba.

Barmo bai haƙura ba. Ya ɗauko shebur da farantan ƙarfe guda biyu masu huji-huji, waɗanda ake shimfiɗa wa taya in yashi ya riƙe ta, zai ɗaure su a gefen mota. Alhaji ya ce a sauke, sun yi tsatsa, suna ɓata fenti.

“Ranar da yashi ya kama mu fa, Alhaji?”

“Barmo, wannan motar ba irin akwalar da ka saba ja ba ce. Yashi ba ya kama ta.”

Direba in ya tsufa sai ya riƙa ganin kamar ya fi mai mota sanin mota. Yi masa uzuri, amma kada ka saurare shi.

Mataki na 4: Kada ruwan sama ya sa ka gaggawa

Ran Talata da la'asar aka yi ruwan farko, mai yawa, daga Gidan Rumji har Cadakori. Kowane ɗan ƙauye ya san lissafin: in ƙasa ta jiƙa, manomi yana da kwana biyu, in ya yi sa'a uku, ya zuba iri kafin rana ta shanye laimar. Alhaji ma ya sani sarai, ai da hannunsa ya yi shuka yana yaro. Amma tela bai gama gidan sauron tanti ba, ga shi an yi ruwa sauro zai tashi. Aka ba tela ranar Laraba.

Ran Alhamis suka kama hanya. A Cadakori Alhaji ya sa aka tsaya, aka buɗe tanti a bakin kasuwa, ya hau tsani ya sauko sau uku mutane suna kallo. Kada ka tsallake wannan, shi ne ribar aikin duka. Wani mai jaki da ya ga buhun ta ƙofar baya ya kama hanyar ƙauye, ya kai wa Tanimu albishir cewa ƙanensa na tafe da iri.

Tanimu, mutumin da bai ci abin kirki ba tun watanni, ya ɗauki sungumi ya shiga gona yana sara ramukan shuka, don kada a ɓata ko sa'a ɗaya in mota ta iso. Matarsa Barira ta tsaya bakin gona da ƙwarya wankakkiya.

Mataki na 5: In yashi ya kama ka, san abin da za ka sadaukar

Tsakanin Cadakori da ƙauyen akwai wata ƙorama mai zurfin yashi. Motar da ke ɗauke da ɗaki, da rijiya, da kicin, ta shiga ta zauna daram har ciki. Barmo ya kashe inji.

A gindin wani busasshen gawo akwai wani Bafillace, Dikko, da iyalinsa. Shanunsa arba'in fari ya cinye, saura sanda. Ya taso ya zagaya motar yana girgiza kai.

“Da bijimaina na da rai, da yanzu kun hita,” ya ce. “Ku rage mata kaya. Ta yi nauyi.”

Barmo ya ce a zubar da ruwan tanki, a sauke firigo, a shimfiɗa darduma ƙarƙashin taya. Dubi rashin tunani. Ruwan wanka, a wannan zafin? Dardumar Makka, a ƙarƙashin taya? Mai mota na gaskiya yana duba kayansa ya ga wanne ne ba ya jin ciwo.

“Ku ɗaga tayar baya ku cusa buhun nan,” in ji Alhaji. “In ta taka ta wuce sai a ɗauke. Gero ai ba ƙwai ba ne.”

“Alhaji, iri ne fa,” in ji Barmo.

“Na ce a cusa.”

Barmo ya ce shi dai ba da hannunsa ba. Alhaji ya naɗe hannun riga, ya ja buhun da kansa, aikin ƙarfi na farko da ya yi cikin shekara goma sha biyar, ya shiga mazaunin direba ya tada inji ya taka mai. Taya ta yi ƙara, ta kama buhun ta yage shi tun daga baki har gindi, ta watsa geron baya haɗe da yashi kamar mai sheƙa. Sai mota ta yi tsalle ta fita. Ka ga amfanin inji mai ƙarfi.

Mataki na 6: Isa da fara'a

Sun iso bayan azahar. Gona shimfiɗe, ramuka layi-layi har inda ido ya tsaya, Tanimu a tsakiya ƙashin haƙarƙarinsa a waje. Alhaji ya fito da murmushi, ya buɗe firigo ya miƙa wa wansa kwalbar lemo mai raɓa. Aka gaisa, aka tambayi iyali, aka yi barka da ruwa. Ja gaisuwar iyakar iyawarka. Nuna tsani, nuna bututun wanka.

Tanimu yana riƙe da kwalbar bai kai baki ba. Idonsa na kan bayan motar.

“Surajo, ina irin?”

“Wallahi Yaya, hanyar nan taku ba ta da kyau. Ya kamata hukuma ta duba ta.”

“Ina irin?”

Barmo ne ya amsa, kansa a ƙasa. “Yana ƙorama, Malam Tanimu. Cikin yashi.”

Tanimu bai yi faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi sauƙi. Ya sunkuya ya ajiye kwalbar a ƙasa a hankali don kada ta zube, ya juya wurin matarsa.

“Barira, aje ƙwaryar nan. Ɗauko rariya da faifai mu tahi.”

Alhaji ya ce su shigo ya kai su. Tanimu ya ce a'a, kada su ɓata masa darduma. Suka bi sawun tayar da ƙafa.

Mataki na 7: San lokacin komawa

Kada ka kwana. Ƙauyen da aka yi haka ba ya daɗin shaƙatawa, mutane sai su riƙa kallonka ba sa magana. Alhaji ya ce ya tuna yana da baƙi a Gazawa, ya sa Barmo ya zagaya ta wata hanya mai tauri, aka ja labule.

A ƙorama Tanimu ya tarar Dikko da matarsa da 'ya'yansa durƙushe suna tankaɗe yashi, tururuwa na jan nasu rabon. Su ma kwana biyu ba su ɗora tukunya ba. Dikko ya dubi rariyar hannun Barira, ya dubi Tanimu.

“Naka ne?”

“Na shuka ne.”

Dikko ya juye abin da suka tara cikin faifan Barira, ya bar wa yaransa cikin tafi biyu. Kada ka yi koyi da wannan mutum. Irin wannan halin ne ya sa har ya tsufa bai mallaki ko keke ba.

Suka tankaɗe har rana ta faɗi, suka dawo da safe suka ci gaba. Abin da ya fito tiya biyu, rabi fasasshe. Ran Juma'a da yamma suka zuba shi a kusurwar gona ta wajen kwari, inda ƙasa ke da sauran sanyi. Sauran ramukan iska ta rufe su. Ruwa kuwa ya yi kyau a shekarar, gonakin maƙwabta suka yi hatsi har ana rasa wurin zubawa, gonar gadon su Alhaji ta yi ciyawa mai tsayi. Kafin kaka Tanimu ya kwashe iyalinsa ya tsallaka Katsina neman aikin lebura. Ya bar sallahu wurin maƙwabci cewa in Surajo ya zo a ba shi sungumin, na ubansu ne, shi ma yana da gado a ciki.

Gargaɗi

Mai wannan rubutu ba makanike ba ne, ba malami ba ne, ba kuma alƙalin rabon gado ba. Tayar da ta fashe, fentin da ya kankare, direban da ya ajiye makulli ya tafi kamar yadda Barmo ya yi, duk ba ruwana. Wanda ya bi matakan nan har ƙarshe ya wayi gari ba shi da wa, kada ya zo ƙofata. Ni mota na ce zan gyara masa, kuma motar Alhaji har yau lafiyarta ƙalau.