Birkin Siddiƙu

Siddiƙu na Tudun Wada yakan bugi ƙirji ya ce rabin direbobin Sakkwato daga hannunsa suka fito, sauran rabin kuwa su ne masu yin hatsari. Makarantar tasa ta koyon mota, ɗan'uwa, wata tsohuwar a-kori-kura ce kawai, irin wadda ake ambata kamar yadda ake ambaton mamaci, da alheri da sassauta murya.

Da hukumar jiha ta ce duk makarantar da ba ta ci jarrabawa ba za a rufe ta, Siddiƙu ya yi dariya har hularsa ta karkace.

"Su taho," in ji shi. "Ni ka koya musu aikinsu."

Abin da gogan bai faɗa ba shi ne, shekara ashirin ya yi yana karen mota, kuma da ilimin nan yake koyarwa. Ba ya zama gaba. Bayan mota yake tsayawa yana dukan rufi: bugu ɗaya a tsaya, biyu a tafi.

Ranar Talata jami'ar hukuma ta iso, wata Malama Miriyam mai tabarau. Ta nemi birkin malami a gefen fasinja, Siddiƙu ya nuna mata tafin hannunsa. Ta rubuta wani abu. Ta ce a kawo ɗalibi mafi ƙwarewa, ya kira Dijatu mai ɗinki, wadda ta yi wata huɗu tana koyo. Ya kama ƙarfe zai haye baya, Miriyam ta ce ya sauko, ɗaliba take son gani ita kaɗai. Ta shiga gefen Dijatu ta zauna. Siddiƙu Sarkin Surutu ya sauko, ya ɗan mari ƙofa sau biyu kamar mai sa albarka.

Mota ta tashi lafiya lau, ta miƙi hanyar Gidan Igwai a hankali. Da suka doshi teburin mai kankana, Miriyam ta ce a tsaya. Dijatu ta ci gaba abinta. Ta sake cewa a tsaya.

"Ban ji bugu ba, Malama," in ji Dijatu cikin ladabi.

Da ya hango mota ta doshi tebur ba alamar tsayawa, nan Siddiƙu ya gane abin da ya shuka. Ya tattare babbar riga ya zura da gudu, tumbi na gaba yana biye, masu Keke Napep na yi masa kirari. Da kyar ya cim ma motar ya kai mata duka ɗaya. Sai rigar ta harɗe ƙafarsa, ɗaya hannun ma ya sauka a kan ƙarfe. Bugu biyu ke nan. Dijatu, ɗaliba mai biyayya, ta ƙara wuta.

Mai kankana ne ya kawo ɗauki. Da motar ta gogi teburinsa, haushi ya sa ya zabga wa ƙarfenta mari guda. Dijatu ta taka birki cak, tsayuwa mai kyau irin ta littafi.

Miriyam ta fito tana laluben tabarau a ƙasa, ta ce makaranta ta rufu daga yau. Siddiƙu na zaune a bakin kwata, takalmi ɗaya, yana haki yana roƙon a sake gwadawa. Dijatu ta leƙo ta taga, fuskarta cike da damuwa ta gaskiya.

"Malam, maigidana ya sai min mota. Kai za ka riƙa biyo ni, ko in yi magana da mai kankana?"