Tumatirin da Na Ceta

Ko na manta komai, ba zan taɓa mantawa da satina na farko a wata gonar gwaji kusa da Kura ba, inda makaranta ta tura ni sanin makamar aiki wajen Dakta Hanatu. Mace ce mai natsuwa, ganye ɗaya sai ta yi minti goma tana kallonsa.

Ranar farko ta yi mana bayani, mu ɗalibai, cewa idan shuka ta shiga wahala, ganyenta yana tara wata guba da ake samu daga iskar oksijin. A jiƙa ganyen a wani sinadari, sai ya yi dabbare-dabbaren ruwan ƙasa, duhunsa gwargwadon wahalar da ya sha. Ni kuwa ina ta gyaɗa kai kamar ƙadangare (hankalina yana kan waya, Allah ya yafe mini), don haka ban ji inda ta ce fangalin tumatirin da aka ɗaura wa jan ƙyalle sati uku ke nan tana hana shi ruwa da gangan ba, kuma ranar Alhamis za a auna.

To, ni ɗan manoman rani ne. A garinmu Bunkure ba ka wuce fangalin maƙwabci yana ƙishi ka ƙyale. Da na ga tumatirin nan ya yi laƙwas, sai tausayi ya kama ni, na sa fartanya na ɓalle masa ruwa. Kwana uku ina yi, ina jin kaina mai lada.

Ranar Alhamis da aka jiƙa ganyen a sinadarin, sai ya fito fes, babu ko ɗigon ruwan ƙasa. Dakta ta ɗaga shi a haske ta ce wannan ganye bai san ƙishi ba. Maimakon in kama bakina, sai na buga ƙirji a gaban kowa.

"Ai Dakta, da ba don ni ba, da tuni sun mutu."

Kowa ya juyo yana kallona. Can na gane, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Wallahi ko tsaki ba ta yi ba. Ta jawo littafi ta tambaye ni ranakun da na ba su ruwa, ta rubuta, ta ce aƙalla yanzu mun san saurin farfaɗowarsu. Sannan ta miƙo mini jan ƙyalle.

"Malam mai tausayi, za mu sake daga farko. Kai ne mai gadi."

Sati uku na yi a bakin kwatar da ke kai wa fangalin ruwa ina korar duk mai fartanya, tumatir yana yaushi a gabana. Tun daga nan, ko alheri zan yi sai na tambaya tukuna.